Ranar da Jikata Ta Gina Ni da Yumɓu

Ni dai ilimina iri biyu ne, kuma kowanne rabi na samu. A boko na kai aji huɗu, malamin ya ce kaina ya cika, in tashi in ba wani wuri. A allo na kai izu goma, damina ta faɗi, aka ce gona tana kira, ban sake komawa ba. Da wannan ɗan guzurin na shekara ashirin da wani abu ina ladanci a masallacin unguwarmu, a wani ƙauye da ke gefen Kibiya. Na faɗi haka tun da wuri ne don kada mai karatu ya ce yaya mutum mai wannan uban ilimi zai ji tsoron laka. To na ji. Ko ranar da bijimi ya kore ni a kasuwar Rano ban ji kamarsa ba.

Abin ya faru a shekarun nan da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da Shari'a. A lokacin mutum biyu ne ba sa rabuwa da ƙauyuka, ɗan siyasa da mai wa'azi. Wannan ya zo da alkawari, wancan ya zo da gargaɗi, mu kuwa muna kan tabarma ɗaya muna ce wa kowa amin.

Wata Juma'a da yamma wani matashin malami ya zo ƙofar masallacinmu ya yi wa'azi a kan siffa. Ya ce duk wanda ya gina ko ya sassaƙa siffar abu mai rai, ranar tsayuwa za a ce ya busa masa rai, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka ajiye irin wannan abu. Ni ne na riƙe masa lasifika, ni ne kuma na fi kowa gyaɗa kai. Ina komawa gida na cire kalandar wani ɗan takara daga bango, na ba matata ta rufe tukunyar daddawa da ita.

Bayan sati biyu mai shela ya zagaya gari. Wai kansila ya ba da mota kyauta zuwa Rano ranar Asabar, mutanen gidan adana kayan tarihi da zane-zane na birni sun kawo kayansu, kowa ya zo da yaransa, shiga kyauta, komai kyauta. Ni duk cikin maganar, kyauta kawai kunnena ya kama. A zamanin nan in aka ce kyauta, to taki ne, ko atamfa, in abin ya lalace sabulu. Na samo buhu na ninke na cusa a aljihu. Tun da an ce sai da yara, na ɗauki jikokina mata biyu, 'ya'yan babban ɗana. Babbar shekararta tara, bakinta kuwa na mai arba'in. Ƙaramar biyar, ita ba ta da yawan magana, abin da ta samu dai ta kai baki.

A mota babbar ta hango bakin buhun.

"Baba Tsoho, wannan kuma na mene ne?"

"Na zuba ku ne in kun dame ni."

"Ai kai za mu baro a can. An ce tsofaffin kaya suke tarawa."

Duk motar aka yi dariya, har direba. Na ce Allah ya shirya, na gyara zaman hulata.

A babban ɗakin taro na wata makaranta suka jera kayan. Akwai ƙore masu zane, da wata ƙofar katako da aka sassaƙa tun zamanin da mutane ke da lokaci, da riguna masu aska, da wasu zane-zanen fenti da na kasa gane samansu da ƙasansu. Na leƙa bayan tebur, na leƙa bayan ƙofa, babu ko ƙwayar taki. Sai a can ƙurya na ci karo da wani akwatin gilashi, a ciki kawunan mutane ne na ƙasa guda uku, idanunsu ramuka, suna kallona. Na yi a'uziyya na ja yaran baya.

Wata matashiya mai farin gilashi da lulluɓi, wadda ke yi wa mutane bayani, ta matso.

"Baba, kada ka damu. Tono su aka yi daga ƙasa, sun girmi kakannin kakanninmu. Ba bauta musu ake yi ba, tarihi ne."

Na ce, "'Yata, su an gaya musu haka?"

Ta yi dariya, ta ce mu fito waje, yanzu ne za a fara abin yara.

A gindin wata darbejiya aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye bahuna cike da kwaɓaɓɓen yumɓu, irin wanda mata ke ginin tukwane da shi. Malamar nan mai farin gilashi ta ce kowane yaro ya ɗiba ya gina abin da ransa ke so, ko tukunya, ko kasko, ko gida, ko mota. Na auna maganar da ilimina na allo, na ga tukunya ba ta da rai, mota ma haka. Hankalina ya kwanta. Na samu benci na jingina da bishiyar, iska na kaɗawa, ga gajiyar mota. Ba zan ce na yi barci ba. Idona dai na hutar.

Dariya ce ta tashe ni. Na buɗe ido na ga mutane sun yi mini zobe, manya da yara. Jikata babbar tana zaune a gabana, ta dube ni, ta dubi hannunta, ta sake dubana. A kan wani guntun kwali da ke cinyarta ga wani ɗan mutum nan a zaune, bai fi tsawon tafin hannuna da yatsu ba. Hularsa a karkace ta dama, yadda nake sa tawa. Gemunsa ɗan tsiro. Kunnensa na hagu a lanƙwashe, kamar nawa da ƙofar rumbu ta datse tun ina yaro. Ga dogon wuya, ga maƙogwaro a tsaye, ga baki a hangame.

Wani Bafillace da ya kawo nasa yaran ya dogara da sandarsa ya ce, "Baffa, wallahi kai ne. Ko a hanya na gamu da shi sai na gaishe shi."

Aka sake kwashewa da dariya. Ni kuwa na ƙura wa ɗan mutumin ido. Abu na farko da ya faɗo mini shi ne wa'azin nan, da ni a tsaye riƙe da lasifika ina gyaɗa kai. Ga ladan guda, jikarsa ta gina gunki a bainar jama'a, kuma gunkin ma nasa. Amma wannan bai kai na biyun ba. Na biyun daga kakata ya zo, Allah ya jiƙanta. Muna yara ta sha gaya mana cewa in ana son a sabauta mutum, boka kan gina siffarsa da laka, ya kira sunansa a kai, ya soka allura. Inda aka soka, nan ciwo zai kama mai siffar. In aka karya, shi ke nan. Akwai wani mutum a ƙauyenmu da ƙafarsa ta shanye haka kawai, kowa ya ce abin da aka yi masa ke nan, kuma da idona na ga ƙafar. Na shekara da shekaru ina gaya wa mutane camfi ne, har da ɗaga yatsa. Amma duk lokacin da nake faɗin haka ban taɓa ganin kaina a kan kwali ba.

Malamar ta durƙusa kusa da yarinyar, ta ce, "Kai, ma sha Allah. Saura idanu." Ta miƙa mata tsinken tsintsiya.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ke, ajiye tsinken nan."

"Makaho kake so in bar ka?"

"Bar shi haka. Ai barci yake yi."

"Au, ashe ka yarda barci ka yi."

Kafin in kai hannu ta soka. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, a daidai wannan lokacin idona na hagu ya kawo ruwa. Mai yiwuwa iska ce ta kwaso ƙasa. Na faɗa wa kaina haka sau uku. Ta soka na daman, na runtse, na jira, na buɗe a hankali na ga har yanzu ina ganin Bafillacen da sandarsa. Na ce alhamdu lillahi a ɓoye. Na waiga na ga ƙaramar ta gama gina nata, wani dunƙule da ta ce waina ce, ta kuma cinye rabi.

Malamar ta ɗaga ɗan mutumin sama ta nuna wa jama'a, aka tafa wa jikata. Yarinyar nan mai bakin tsiya sai ga ta tana sunkuyar da kai don kunya da daɗi. Sannan malamar ta juyo gare ni.

"Baba, in ka yarda mu tafi da shi birni. Za mu gasa shi, mu sa a gilashi tare da aikin sauran yara."

A gasa ni. A sa ni a akwati kusa da waɗancan masu ramukan ido, a hannun mutanen da ban san iyayensu ba, kowa ya zo wucewa ya nuna ni da yatsa. Na karɓe shi da hannu biyu, na ce mun gode, a gida ma muna da wurin ajiya.

Motar kansila ba ta dawo ba, an ce ta tafi kwasar mutane zuwa wani taro. Dole muka hau acaɓa. Na zaro buhun takin nan na sa ɗan mutumin a ciki, na fara ɗaure baki, sai na tuna numfashi, na bar masa kafa. Ƙaramar a kan tanki, babbar a tsakiya, ni a baya na rungume buhu a ƙirji, ba hannun da zan riƙe babur da shi. Wanda ya san hanyar nan a wancan lokacin ya san ramukanta. Duk ramin da muka faɗa sai in leƙa buhu in ga ko kan yana nan.

"Malam, a hankali," na ce wa mai babur. "Akwai mara lafiya."

Ya waigo. "Wanne daga ciki?"

Babbar ta ce, "Yana cikin buhu. Baba Tsoho, riƙe shi da kyau. In ya faɗi, gumba za mu sha."

Gumbar da ake dakawa ranar sadakar mamaci take nufi, wadda jikoki ke wawaso. Kullum da wannan take tsokanata, kullum nakan ce sai na ga auren 'ya'yanta tukuna. Ranar nan buhun kawai na ƙara rungumewa.

Matata na tsakar gida tana tankaɗe muka shiga.

"Malam, ina takin?"

Na buɗe buhu na nuna mata. Ta yi dariya har rariya ta faɗi daga hannunta. Can sai ta tsaya, ta ƙara dubawa, ta dube ni. Ita ma ta ji wa'azin ta bayan katanga, ita ma kuma tana da kaka.

"Ba dai a ɗakina ba," ta ce.

Nan na tsaya da shi a hannu kamar wanda aka ba jaririn wani. In na shigar da shi ciki, na kori mala'iku daga gidana da hannuna. In na bar shi waje, ga awaki, ga kaji, ga yara, ga kuma wanda ba ya ƙaunata, don ladan ma yana da nasa. In na jefa shi rijiya, ni ban iya ruwa ba. In na binne shi, wannan ko faɗa ba na son yi. Daga ƙarshe na kai shi zaure, na sa a alkukin da muke ajiye fitila a jikin bango, na rufe da faifai. Na yi wa kaina fatawa cewa zaure ba cikin gida ba ne, ba kuma waje ba ne.

Washegari da hantsi na ɗaga faifan. Ya fara bushewa, ya yi fari-fari, kuma ga wata siririyar tsaga ta zagaye wuyansa daga ƙarƙashin kunne zuwa maƙogwaro. Na kai hannu na taɓa nawa wuyan. A sanƙare yake. Tun da na tashi yake ciwo, amma sai a lokacin na san dalili. Na yayyafa wa tsagar ruwa da yatsa, na shafe ta a hankali, ina yi ina karanta duk abin da ya zo bakina daga izu goman nan. Kafin azahar ta sake buɗewa, ta fi da faɗi.

Na je na yi kiran salla. Ladan in ya zo wurin kiran mutane su taho, yakan juya fuska dama, ya juya hagu. Na zo juyawa wuya ya ƙi. Sai da na juya gaba ɗayana kamar buhun gero, murya na rawa. Haka na yi ranar Lahadi, haka na yi Litinin. Abinci ba ya shiga. In akuya ta gifta ta zaure sai in tashi da gudu. In yaran gida sun yi wasa kusa da bangon sai in daka musu tsawa, ni da ban taɓa yi ba.

Ranar Talata bayan azahar liman ya ce in tsaya. Tare muka tashi da shi, tare muka shiga makarantar allo, shi dai damina ba ta kira shi gona ba.

"Ladan, kiran sallarka kwana biyu kamar na wanda ake bi bashin rai. Lafiya?"

Na zauna na kwashe duka na gaya masa, ban rage ba. Ya saurara yana jan carbi, gefen bakinsa na motsi.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Malamai sun ce in aka cire kan, ta tashi daga siffa. Ka je ka cire kan."

"Allah gafarta Malam, kan wa?"

"Kan lakar mana."

"To ai nawa ne. Har kunnen."

Ya ajiye carbin ya yi dariya har da tari. Da ya nutsu sai ya ɓata fuska, ya ce, "Yarinya ba ta da laifi, alƙalami bai hau kanta ba. Kai ne abin ji. Kana tsaye sau biyar a rana kana shaida wa gari babu mai iko sai Allah, ka koma gida kana gadin laka. Wannan tsoron naka ya fi gunkin haɗari. Kawo shi nan in fille da wuƙata, in ka faɗi ni zan yi maka salla kyauta."

Na san gaskiya ya faɗa. Kaina ya yarda sarai. Wuyana ne bai yarda ba. Na ce masa a ba ni zuwa la'asar.

Na dawo na zauna a zaure, na sauko da ɗan mutumin na ajiye a gabana. Kan ya ɗan karkata, tsagar ta kusa haɗewa ta baya. Ko ban taɓa shi ba, yau ko gobe zai faɗi da kansa. Ina cikin kallonsa jikata ta shigo da tallan gyaɗar uwarta a ka.

"Baba Tsoho, kai da ƙaninka kuna hira ne?"

Ban yi dariya ba. Ta sauke farantin ta tsuguna.

"Ba ka son shi ne? Kowa ya ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau. Kyan ne ma ya yi yawa." Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa yaro ba. "Tsoro nake ji. Liman ya ce a cire kan, ni kuma ina ganin in aka cire nasa, nawa zai bi."

Na jira ta kawo maganar gumba. Ba ta kawo ba. Ta dube ni da kyau, ta ga da gaske nake, idonta ya cika da ƙwalla.

"Ni ban yi don ka mutu ba."

"Na sani."

Ta goge ido da bakin zane. Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ai ba a gasa shi ba. In Inna ta gina murhu bai yi mata ba, jiƙa shi take yi ya koma laka. Ba sai an yanka ba."

Ta shiga gida ta fito da kwanon sha cike da ruwa. Na ce ta dakata. Na gyara zama na fuskanci gabas, na yi kalmar shahada, na gaya mata inda na ajiye takardar gona in an tambaya. Ta ce to. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta zaunar da shi a cikin ruwan a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka, ta kuma kama babban yatsana da ɗaya hannun ta riƙe.

Ruwan ya fara ƙananan kumfa. Hular ce ta fara tafiya, ta saki ta zube. Sai gemu. Da hancin ya narke na kai hannu na laluba nawa, na same shi a inda na bar shi. Kunnen nan lanƙwasasshe ya daɗe yana jayayya, shi ma ya tafi. Kan ya sunkuya a hankali ya kwanta a ƙirji, ban ji ƙara ba, ban ji zafi ba, ban dai yi numfashi ba sai da komai ya zama jan ruwa mai kauri. Muka zauna ni da ita muna kallon kwano.

"Kana nan?" ta ce.

"Da alama."

"To sakar mini hannu, ka kusa karya mini yatsa."

Ashe ni ne na damƙe ta. Na sake ta. Sai kuma ga wata sabuwa, ina za a zubar da ruwan. Na ce ba a kwata ba, ba kuma a hanya inda za a taka ba. Ta ɗauki kwanon ta zagaya bayan ɗaki ta juye shi a gindin zogalen matata, ta ɗauraye, ta ɗora tallanta ta fita.

Na je na kira la'asar. Wuyan bai saki ba sai bayan sati, matata ta ce acaɓa ce da rungumar buhu, liman ya ce rashin tawakkali ne, ni na gyaɗa wa kowa kai tun da dukansu sun fi ni ilimi. Zogalen nan kuwa ya yi ganye a shekarar kamar ba a taɓa yi ba, har maƙwabta na aiko yara a tsinko musu. Duk ranar da aka yi kwaɗonsa a gidan, nakan ce na ƙoshi, a ba yara.